Ɗan Famfon Da Ke Ƙarƙashin Kujerar Direba

Duk wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya ya san hanyoyin ƙauyukanta: da damina taɓo, da rani rairayi, wajen Rurum kuwa duwatsu. Saboda haka tun zamanin En'e babu motar da ta ci sunanta a irin waɗannan hanyoyi kamar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948. Ita ce ta riƙa kai hakimai rangadi, da malaman gona da na asibiti. An daina ƙera samfurin da a ke kira Series III cikin 1985, watau duk wadda ta rage a hannun mutane yau tsohuwa ce, sai lallashi.

Tankin da ke ƙarƙashin kujerar wannan mota galan 10 ya ke ci, wajen lita 45 ke nan. Don tafiya mai nisa a kan ƙara na biyu, musamman a motocin soja. Tsakanin tankunan akwai wani ɗan famfo gaban akwatin kujera, daidai dugadugan masu zama, wanda direba ke murɗawa ya zaɓi tankin da inji zai sha. A cikinsa akwai wani ɗan faifai na ɓawon itace mai laushi, irin wanda a ke toshe bakin kwalba da shi. Shi ne ke tsare mai. Muddin yana jiƙe yana nan a kumbure. Amma in mota ta daɗe a ajiye, hunturu ya busa, sai ya bushe ya tsuke. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Alamunsa uku ne. Na fari, warin fetur cikin mota da danshi a jikin famfon. Na biyu, inji ya riƙa shaƙewa yana mutuwa alhali ga mai a tanki, domin iska ya ke zuƙa ta wurin tsagar. Na uku, tanki guda ya riƙa raguwa ba a sha daga gare shi ba. A mota mai dizal akwai ƙarin tiyo mai mayar da ragowar mai. In famfo bai juya shi daidai ba, sai tanki ɗaya ya cika har ya yi ambaliya.

Hasarar mai kaɗai ta isa abin damuwa, balle tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗinsa ya hau. Amma babban haɗari wuta ce, gama ƙarƙashin ƙafafun mutane man ke ɗiga, a wasu motocin kuma batir yana nan kusa. Tartsatsin wuta guda ya isa.

Gyaran ba shi da wuya. A tsai da mota a fili, nesa da murhu da fitila, a cire kan batir, a tsiyaye man ko a matse tiyo. A sa wa kowane tiyo alama kafin a kwance, don kada a mayar da su a juye. Sa'an nan a buɗe famfon, a wanke, a sa sabon faifai bayan an shafa masa ɗan man inji. In babu sabo, a kan tsoma tsohon cikin tafasasshen ruwa ya kumbura, amma wannan na ɗan lokaci ne. In jikin famfon ya tsage ko ya cinye, sai a nemi wani a Ƙofar Ruwa cikin birnin Kano. Kada a yanka robar tayar keke a sa, domin fetur yana lalata ta. Sabulun da direbobi ke liƙawa kuwa zai iya kai mutum gida, amma ba gyara ba ne.

To, malamai da akawuna, in kun shiga irin wannan mota kuka ji warin mai, kada kunya ta hana ku magana. Ku ce wa direba ya tsaya a duba. Allah ya kiyashe mu, amin.