Yadda Ake Ƙidayar Ƙananan Halittun Teku a Gaɓar Tsibirai

Ƙasar Hausa ba ta da teku. Masuntanta na kogi ne da na tafki, shi ya sa Hausa take da sunan tarwaɗa da karfasa da gaiwa da giwan ruwa, amma ba ta da kalma guda da ta tattara ƙananan halittun nan da ke yawo cikin ruwa, waɗanda ido bai cika ganinsu ba. Masana kimiyya suna kiransu filankitan. Wani Bajamushe mai suna Victor Hensen ne ya ƙirƙiro wannan suna a shekarar 1887 daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke gararamba. A cikin wannan darasi za mu riƙa ce musu 'yan bin ruwa, domin ba su da ƙarfin da za su yi gaba da igiya. Inda ruwa ya nufa, nan suka nufa. Sun kasu gida biyu. Akwai masu rayuwa irin ta tsiro, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, akwai kuma masu rayuwa irin ta dabba, waɗanda ke cin na farkon ko su ci junansu. A kan kashi na biyu za mu yi magana.

Duk da rashin suna, Bahaushen ƙauye ya daɗe da sanin ɗaya daga cikinsu, kuma da ciwo ya san shi. Cutar kurkunu ba ta shiga jikin mutum sai ta hanyar wani ɗan ƙwaro da ake samu a ruwan kududdufi, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ƙuman ruwa. Tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Shi ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, mutum kuma ya sha shi cikin ruwa. Da aka gane haka, sai aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan idanu kafin a zuba a randa. A ƙidayar da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 an sami masu cutar fiye da 650,000, amma a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa an kawar da ita daga Nijeriya da Nijar. To, dangin wannan ƙwaro su ne suka fi kowace irin dabba yawa a cikin 'yan bin ruwa na teku. Wanda ya taɓa ganin matar ƙauye tana tace ruwa da ƙyalle ya riga ya ga asalin aikin da masana ke yi a kan jirgin bincike. Bambancin kawai shi ne ita ruwan take so, su kuwa abin da ya rage a ƙyallen.

Ban da ƙuman ruwa, abin da akan samu cikin irin wannan tata ya haɗa da ƙwan kifi da 'ya'yan kifi da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba, da 'ya'yan ƙaguwa da na jatan lande, da wasu halittu masu jiki garai-garai kamar gilashi. Wasu a haka suke ƙare rayuwarsu. Wasu kuwa ƙuruciya kawai suke yi suna bin ruwa, in sun girma su zama kifin da ake kaiwa kasuwa.

Me ya sa aka damu da gaɓar tsibirai musamman? Dalilin shi ne, tsakiyar teku a yankuna masu zafi tamkar hamada take. Rana tana ɗumama ruwan sama, shi kuma ya zauna a kan ruwan ƙasa mai sanyi kamar murfi a kan tukunya, ya hana sinadaran da ke ƙasa tasowa. Wannan shuɗin ruwa mai ban sha'awa da ake gani a hotuna alama ce ta talauci: babu abin da zai gurɓata shi ne saboda babu abinci a cikinsa. Amma inda tsibiri yake, igiyar ruwa takan yi karo da shi ta motsa ruwan ƙasa, ruwan sama yakan wanko ƙasa da kashin tsuntsaye zuwa gaɓa, sai wurin ya zama kamar dausayi a tsakiyar rairayi. Masu rayuwa irin ta tsiro su yawaita, masu cinsu su biyo baya, ƙananan kifaye su taru, manya su bi sawu. Mutanen tsibirai da dama kuwa ba su da wani nama da ya wuce kifi. Saboda haka ƙidayar 'yan bin ruwa ƙidayar abin da ke cikin rumbu ce.

Akwai kuma maganar murjani. Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya, har yakan sa wa 'yarsa suna Murjanatu, amma ba kowa ya san cewa ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ba ne. Dangin wannan dabba ne ke gina duwatsun da suka kewaye tsibirai suna kare su daga haukan igiya. Mafi yawan abincinsu suna samunsa ne daga wasu ƙwayoyin tsiro da ke zaune cikin jikinsu, sauran kuma sukan miƙo 'yan hannuwansu da dare su kamo 'yan bin ruwa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, sai ƙwayoyin tsiron su fice, dutsen ya yi fari fat. A wannan hali, abin da dabbar ta iya kamowa da dare yana iya zama abin da zai raba ta da mutuwa.

Yanzu bari mu dubi aikin kansa. Babban makamin mai bincike wata raga ce mai siffar mazurari, baki da faɗi, gindi a tsuke, an ɗaura ƙaramin gwangwani a ƙarshenta inda halittun ke taruwa. Wadda aka fi amfani da ita a duniya tana da baki mai faɗin santimita 57, wato kashi ɗaya cikin huɗu na murabba'in mita, idanunta kuma kowanne kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita. Akan saukar da ita ƙasa a jawo ta sama a hankali, ko a ja ta a bayan jirgi. A bakinta akwai 'yar farfela mai ƙirga yawan ruwan da ya wuce, domin adadin halittu ba shi da ma'ana sai an san cikin ruwa nawa aka same su. Alal misali, in aka jawo ragar daga zurfin mita 100, ta tace ruwa mita 25 masu fuska shida daidai, wato lita 25,000. In aka ɗebi kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kamo aka ƙirga halittu 500, jimillarsu 5,000 ke nan, wato ɗaya a kowace lita 5.

Lissafin yana da sauƙi, amma wuraren kuskure suna da yawa. In idanun raga sun yi girma, ƙananan su zurare. In sun yi ƙanƙanta, su toshe, ruwa ya daina shiga. Masu taushin jiki sukan farfashe kafin a fito da su. Abin da ya fi duka ruɗar da mutum shi ne lokaci. Yawancin 'yan bin ruwa sukan nutse da rana don gudun kifin da ke farauta da ido, in duhu ya yi su taso sama su ci abinci, kafin wayewar gari su koma. A kusa da duwatsun murjani ma wasu cikin rairayi da ramuka suke wuni. Wanda ya jefa ragarsa da azahar, da wanda ya jefa tasa bayan lisha a wuri guda, sai su dawo da labari biyu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Hasken farin wata ma yana canza lissafi. Don haka ba a yarda da binciken da bai rubuta rana da sa'a da zurfi da zafin ruwa da gishirinsa ba.

Faransa tana da dogon tarihi a wannan fanni. A garin Bondy, maƙwabcin Bobigny, hukumar bincike ta ORSTOM, wadda ta koma IRD a shekarar 1998, ta yi shekaru masu yawa tana horar da masana a cibiyarta. Ma'aikatan wannan hukuma sun yi nazarin 'yan bin ruwa a gaɓar Numeya da ke Sabuwar Kaledoniya, da kuma tsibirin Tikehau a Tekun Fasifik. Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin Hausa shi ne, su ne kuma suka yi irin wannan aiki a Tafkin Chadi a shekarun 1960 da 1970, a tsakanin tsibiran da ke kusa da garin Bol. A can an ga cewa kifin da 'yan Chadi ke kira salanga da 'yan bin ruwa yake rayuwa. Aikin nasu ya zo daidai da babban farin 1973, lokacin da tafkin ya ja da baya ya rabu biyu, don haka rubuce-rubucensu suka zama shaidar yadda tafkin yake kafin masifar da bayanta.

Ɗaya daga cikin manyan bincike a wannan fanni shi ne na jirgin ruwan Tara, wanda gidauniyarsa take da ofishi a Paris. Jirgi ne mai tafiya da iska, tsawonsa mita 36, mazauninsa tashar Lorient. Daga 2009 zuwa 2013 ya zagaya tekunan duniya yana tattara 'yan bin ruwa. Daga watan Mayu na 2016 zuwa Oktoba na 2018 kuma ya yi tafiyar kusan kilomita 100,000 a Tekun Fasifik, ya tsaya a tsibirai 32. A kowane zango masu nutso sun ɗebo murjani da kifi da ruwan da ke kewaye da su, a kan hanya kuma ana jan raga ana tace ruwan sama, domin a ga yadda halittu ke canzawa yayin da ake kusantar tsibiri da yayin da ake nesa da shi. Tafiyar ta faɗo cikin shekarun da zafin teku ya farar da murjani a wurare da dama. A tsibirin Upolu na ƙasar Samowa, a ƙarshen 2016, sun tarar cewa a kusan rabin wuraren da suka duba murjani mai rai bai kai kashi 1 cikin 100 na dutsen ba.

Abin da aka kamo kashi biyu ake yi masa. Wani a zuba masa maganin hana ruɓa don a duba siffarsa, wani a daskarar da shi a aika cibiyar Genoscope da ke garin Évry, kudu da Paris, inda ake karanta ƙwayoyin gadonsa. Da can mutum ne zai sunkuya a kan madubin ƙara girma yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kwalba guda ta cinye masa yini. A cibiyar binciken teku ta Villefranche-sur-Mer, kusa da birnin Nis, an ƙera wata na'ura mai suna ZooScan. Ana zuba ruwan a kan farantin gilashi, na'urar ta ɗauki hotonsa, kwamfuta ta yanke hoton kowace halitta daban, ta auna ta, ta yi hasashen danginta. A ganina wannan ci gaba ne na gaske, sai dai kwamfuta takan ɗauki ɓaraguzan ƙazanta ko kumfa a matsayin dabba, takan kuma rikita dangi biyu masu kama da juna. Shi ya sa har yanzu sai masani ya zauna ya bi hotunan da idonsa, ya amince da wannan, ya gyara wancan, kafin a rubuta adadin a littafin bincike.