Kafin ka bari a ɗora inji a jikin motarka

'Yan uwa, duk mai harkar motoci 'yan Kwatano ya san da ido ake fara ciniki. Kafin mai saye ya saurari ƙarar inji, ya riga ya zagaya motar yana duban jikinta a rana. Ƙwarzane biyu a ƙofa sun isa a zaftare maka abin da ya fi ribarka. Na daɗe ina ɗauko motoci daga Kwatano zuwa Paraku, wasu in wuce da su Jugu, kuma abin da na koya shi ne gyaran gaggawa ya fi ƙwarzanen kansa ɓata fenti.

Matsalar ta ƙaru ne da kasuwa ta yi sanyi. Tun Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanbil zuwa Gaya. Motar da a da ba ta kwana bakwai a hannu, yanzu sai ta yi watanni a fili. Ƙurar hunturu da jar ƙasa su lulluɓe ta, yaron gida ya zo da busasshen tsumma ya goge. Ƙurar nan yashi ce, kowace guga tana barin zane. Shi ya sa kake ganin wasu da'irori kamar saƙar gizo a jikin baƙar mota idan rana ta haske ta.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne: na shimfiɗa a ƙasa, sai launi, sai wani mai garai-garai a sama, wanda masu fenti a nan ke kira berni. Kaurin bernin kamfani bai wuce maikron 40 zuwa 50 ba, wato kamar rabin kaurin takardar rubutu. Folish kuwa ba cike rami yake yi ba, kankare bernin yake har ya yi daidai da zurfin zanen. Abin da ya tafi ba ya dawowa.

Don haka fara da gwaji. Wanke wurin, ka ja farcenka a kan zanen. In farcen bai maƙale ba, kuma zanen ya ɓace da ka zuba ruwa, a berni ya tsaya, zai goge. In ya maƙale, ko kana hango fari ko ƙarfe a ciki, wannan aikin mai fenti ne, kada ka wahalar da soso.

Sai maganar inji. A garejojin Paraku na sha ganin yara suna ɗaura soso a injin da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. Wallahi ka gan shi, janye motarka. Ƙaramin injin nan yana juyi kusan 11,000 a minti, alhali aikin folish tsakanin 1,000 ne da 1,500 ko sama kaɗan. Cikin ƙiftawar ido zai ƙona berni, musamman a gefen ƙofa da kan lanƙwasa, inda fenti ya fi siranta. Injin folish na gaske iri biyu ne. Akwai mai juyi kai tsaye: yana da sauri, amma sai gwani, don yana tara zafi. Akwai mai juyi yana karkarwa gefe-gefe: ya fi jinkiri, amma da wuya ya ƙona. Ɗan kasuwar da zai yi da kansa, na biyun ya saya. In zanen ɗaya ne ko biyu, hannu da soso mai laushi ma sun wadatar.

Soso ma suna suka tara. Na ulu ya fi kowanne ci, kuma yana barin nasa zanen da sai an bi da mai laushi. Na roba akwai mai tauri na kankara, matsakaici, da mai laushi na ƙyalli. Kada launi ya ruɗe ka, kowane kamfani da nasa tsarin. Danna da yatsa ka ji. Ƙa'idata ita ce a fara da matsakaicin soso da folish mai laushi, a wuri kamar tafin hannu biyu. In ya fita, shi ke nan. In bai fita ba, a ƙara mataki ɗaya. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, a bar wa wanda ya ƙware. A yi aiki a inuwa, ƙarfe da sanyi, a liƙe gefuna da salatif, kuma soson da ya faɗi ƙasa a wanke shi kafin a ci gaba. In ka ga launin motar a jikin soso, dakata: ko fentin ba shi da berni, ko an riga an huda shi.

Akwai kuma batun amana. Wasu man ƙyalli ɓoye zane kawai suke yi, wanki biyu ko uku ya dawo. Jugu, wadda kakanninmu fatake ke yada zango a cikinta a hanyar Gwanja, ba garin da za ka yi wannan ka ɓace ba ne. Tsakaninta da Paraku kilomita 135 ne ko kusa da haka, kuma labari ya fi mota sauri. Wanda ka sayar wa yau, gobe sahu ɗaya za ku tsaya a masallacin Zango. Ni dai nakan nuna wa mai saye inda aka goge da inda aka sake fenti, ya saya da saninsa.

Ga iyayen gida kuma, Hajiya, a taya mu tsawata wa yara masu rubuta sunansu da yatsa a jikin mota mai ƙura. A fara watsa ruwa ya sauke yashin, a wanke daga sama zuwa ƙasa da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, kuma tsumman taya kada ya taɓa jiki. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.