A Saurari Karatun Kowane Yaro Shi Kaɗai

Kwanan baya, cikin rangadin da mu kan yi na duba makarantu, mun sauka wata makarantar firamare ta ƙauye. Ba za mu faɗi sunanta ba, gama abin da muka gani can ba nata ba ne ita kaɗai. Tun daga bakin hanya muna jiyo 'yan aji 3 suna karatu da murya ɗaya, har wani daga cikinmu ya ce lalle malamin nan ya san aikinsa. Muka shiga, muka gaisa, muka tarar an rubuta a allo, "Audu ya tafi kasuwa ya sayo gero da manja." Malam yana nunawa da sanda, yara suna bi, babu gargada.

Sai muka karɓi sandar, muka ce kowa ya yi shiru. Muka kira wata yarinya, muka ɗora sanda bisa kalmar "gero", muka ce, "'Yan mata, mene ne wannan?" Ta dube mu, ta dubi malam, ta ce, "Audu." Muka kira wani yaro muka nuna masa "kasuwa", shi ma ya ce, "Audu," domin ya san daga nan a kan fara. Haka muka yi ta bi benci benci. Yaran ajin sun haura 70, amma waɗanda suka iya karanta kalma in an tsamo ta daga tsakiya ba su cika 10 ba. Sauran duk haddacewa suka yi, ko an shafe allon haka za su rera shi.

Malamin ya ji kunya ƙwarai. Mu kuwa ba mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba, don mu ne muka horad da irinsa a kwalejin horon malamai, kuma iyayen yaran nan shekara uku ke nan suna ganin 'ya'yansu suna fita da safe suna komowa da azahar, ba wanda ya taɓa cewa, "Zo ka karanta mini in ji."

Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. A shekarar 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fid da lissafi cewa, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, cikin yara 10 masu shekara 10 da haihuwa, 7 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa abin ya kusa 9 cikin 10. Nauyin maganar shi ne, daga aji 1 zuwa aji 3 yaro karatu ya ke koya, amma daga aji 4 da karatun zai koyi kome, ko lissafi, ko tarihi, ko kiwon lafiya. Wanda ya haye aji 4 bai iya ba, kowace shekara tazara ƙaruwa ta ke yi tsakaninsa da littafinsa, har ya fid da rai, uban ma ya ce gwamma ya taimake shi gona. In yarinya ce, faranti a kan ɗora mata.

Yadda muka zo nan ba ɓoyayyen abu ba ne. A 1976 Gwamnati ta buɗe ƙofar ilmin firamare kyauta ga kowa, aka sake ƙarfafa shirin a 1999, aka yi masa doka a 2004. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma yara sun shigo fiye da yawan ɗakuna da malamai, malamin da ke gaban yara 70 ko 100 kuwa ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya faɗa su maimaita. Aji ya cika da amo, mai wucewa ya ce ana karatu, yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba ya ɓuya cikin muryar 'yan'uwansa har ya gama shekara.

Darasi daga makarantar allo

Abin mamaki, maganin yana nan tsakar garinmu tun kaka da kakanni. Ku dubi makarantar allo. Ita ma akwai amo, har ya fi na boko, amma kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana kan babbaƙunsa, mai farfaru yana kan farfarunsa. Kuma ba mai wanke allo sai ya durƙusa gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa ya yarda. Ba a ƙara wa yaro karatu don shekara ta juyo, sai don ya iya na baya. Wannan ɗabi'a ita ce ta kuɓuce mana a makarantar boko, inda a kan kwashe aji ɗungum a kai gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Mutanen Indiya sun gano haka ta wata hanya. Wata ƙungiya tasu mai suna Pratham ta shirya ɗan gwaji mai sauƙi: a zaunad da yaro shi kaɗai, a gani ko ya san baƙaƙe, ko yana karanta kalma, ko 'yan jimloli, ko cikakken labari. Sa'an nan a raba yara bisa ga inda kowa ya tsaya, ba bisa ga ajinsa ko shekarunsa ba, a ba su wani lokaci kowace rana a kan abin da ya dace da su. An gwada dabarar sau da yawa an ga amfaninta, har ta bazu zuwa ƙasashen Afirka, da Nijeriya a ciki. Da muka karanta bayaninta sai muka yi murmushi, muka ce ai wannan alaramman unguwarmu ya riga su.

To, malam zai ce ina ya ga lokacin sauraron yara 70 ɗaya ɗaya? Mu yi lissafi. In ya saurari yara 5 kowace rana, minti 2 kowane, minti 10 ke nan, sauran ajin suna kwafar rubutu. Cikin kwana 14 na makaranta, watau ƙasa da mako uku, ya ji muryar kowa. Ya sami littafi guda ya rubuta sunayensu, gaban kowane suna ya sa inda yaron ya tsaya. In ya zagayo karo na biyu, zai ga wanda ya motsa da wanda ke nan inda aka bar shi. Mun ga malaman da suka yi haka, abin da ya fi girgiza su kuwa shi ne samun yaro mai ɗaga hannu kullum, mai ƙarfin murya, ashe ko "ba" bai iya haɗawa ba. Da kuma wata shiru-shiru a bencin baya wadda ke karatu sarai ba wanda ya sani.

Sai a ajiye bulala sa'ad da a ke wannan sauraro. Yaron da ke kallon hannun malam ba ya kallon takarda.

Muna kuma da wata sa'a da ba mu cika gode mata ba. Rubutun Hausa na boko kusan yadda a ke faɗa haka a ke rubutawa. Wasula 5 ne, in yaro ya san sautin baƙi ya iya auna shi da wasali, ba, be, bi, bo, bu, to ya kama hanyar karanta kowace kalma, har wadda bai taɓa gani ba. Wuraren tuntuɓe kaɗan ne: masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwaye irin sh da ts da ƙy, da kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya amma faɗarsu dabam, kamar garin da a ke zama da garin da a ke tuƙa tuwo, waɗanda sai ma'anar jimla ta raba su. Saboda wannan sauƙi ne a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, magidanta masu furfura suka iya karanta wasiƙa cikin 'yan watanni. Abin da dattijo ya iya bayan ya taso daga gona, yaro mai shekara 7 ba zai kāsa ba in an bi da shi daidai.

Mun san maganar harshen koyarwa ta sha juyi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koya wa yaro da harshen gidansu ko na garin da ya ke, a 2022 aka ce a kai har aji 6, a ƙarshen 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, a koma Turanci. Hukunci na hukuma ne. Amma bai hana mu tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa da abokansa suka fara a Ile-Ife a 1970 ba, inda aka koya wa wasu yara kome da Yarbanci shekara 6, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi, daga baya aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Haɗa baƙi sau ɗaya a kan koye shi a rayuwa. Yaron da ya iya shi da harshen da ya ke mafarki da shi, in ya zo ga Turanci kalmomi ne baƙi gare shi, ba karatun kansa ba. Kome a ke yi a aji, ba dokar da ta hana uba ya saya wa ɗansa littafin Hausa.

Rabon gida

Nan ne mu ke so iyaye su ba mu kunnuwansu, musamman masu cewa, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Ba koyarwa mu ke roƙo ba, sauraro ne. Bayan sallar magariba, ko sa'ad da uwa ke tsince shinkafa, a ce wa yaro ya ɗauko littafinsa ya karanta da ƙarfi, minti 10 ya isa. Wadda ba ta san baƙi ba ma tana jin inda ya yi gargada, tana kuma jin in abin da ya faɗa ba magana ba ce. In ya gama, a rufe littafin a tambaye shi, "To, me aka ce? Wa ya tafi kasuwa? Me ya sayo?" In yana rerawa da sauri idonsa na kallon rufin ɗaki, a sa yatsa tsakiyar shafi a ce ya fara daga nan. Wannan ita ce dabarar da muka yi da sanda, ba ta bukatar takardar shaida.

In babu littafi, rubutu bai ƙare a gari ba. Akwai shi jikin buhun taki, da kwalin ashana, da bayan manyan motoci, da allon asibiti. Yayye da ke manyan azuzuwa su ma a ɗora musu nauyin ƙannensu. Mai koya wa ƙanensa nasa karatun ya ke ƙara wa ƙarfi.

Tatsuniya kuma ba wasan banza ba ce, ko da ya ke yanzu waya ta kore ta daga gidaje da yawa. Yaron da ya saba jin yadda Gizo ya ƙulla dabara da yadda ta warware masa, ya san labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya tara kalmomi, ya iya riƙe magana mai tsawo a kansa. Waɗannan su ne kayan da zai buƙata ranar da zai fahimci abin da ke rubuce. A bar shi shi ma ya ba da tasa, kada a katse shi. Lissafi kuwa, uwar da ta aiki ɗanta da naira 500 ta ce ya faɗi canjin da zai kawo tun bai fita ba, ko ta sa shi ya raba ƙosai 12 tsakanin mutum 4, ta yi darasin da ya fi na alli zama a kai.

Sauran abubuwan kowa ya san su, sai dai a tuna. Yaro ya karya kumallo kafin ya fita, ko da koko ne. Ya kwanta da wuri. Kada ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi su cinye masa kwanaki, gama wanda ya yi fashin makon da aka koya "sh" da "ts" ba a kan koma dominsa ba. In kuma an ga yaro yana matse ido in ya dubi allo, ko sai an maimaita masa magana sau biyu, a kai shi asibiti a duba kafin a kira shi daƙiƙi. Mun sha ganin wanda canja masa benci zuwa gaba kaɗai ya warkad da shi.

Akwai tambaya guda da mu ke so iyaye su sake. In an ba da sakamakon jarrabawa, abin da uba ya kan tambaya shi ne, "Na nawa ya zo?" Yaro yana iya zuwa na 5 a ajin da ba mai karatu. Gwamma uba ya taka ya je makaranta ko sau ɗaya a zango, ya gai da malam cikin mutunci, ya ce, "Malam, ɗana ina ya tsaya? Baƙi ya ke, ko kalma, ko labari?" Malamin da ya san za a yi masa wannan tambaya zai nemi amsarta tun ba a zo ba. Malamai su kuma kada su ɗauki zuwan uba a kan ƙara aka kawo.

Mu ma namu gyaran yana nan. Ɗaliban da mu ke turawa koyon aikin koyarwa, mun daɗe muna auna su da tsabtar rubutunsu a allo da tsarin takardar darasi. Daga yanzu za mu riƙa tambayar kowane littafinsa na sunayen yara, mu zaɓi yaro 3 da kanmu mu saurara. Makarantar ƙauyen nan kuma mun yi wa hedimasta alkawarin komowa bayan girbi, kuma yarinyar da ta ce "Audu" ita za mu fara kira.