Kunya da Juyin Shuka a Karkarar Kano

A karkarar Kano, daga Gezawa har Dawakin Kudu, akwai gonakin da tun kaka da kakanni ba a taɓa barinsu saura ba. Jama'a sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, babu halin a bar gona ta huta shekara biyar kamar yadda mutanen daji ke yi. Duk da haka kowace damina suna ba da hatsi. Taki na da nasa rabo, don a da, da rani jakai ba sa hutawa da mangalar shara da kashin awaki daga birni zuwa ƙauye. Amma ni a ganina babban sirrin yana wajen garma, wato yadda iyayenmu ke tashin kunya da yadda suke sauya mata wuri.

Kunyar bara ba ta zama kunyar bana. Idan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, sai a fasa tsohuwar kunya, rabi ya faɗa kwarin dama, rabi ya faɗa na hagu. Duk abin da ya taru a kwari tun kaka, ganyen wake, guntun kara, ciyawa, takin da aka watsa, sai ya shige ƙarƙashin sabuwar kunya ya ruɓe. Idan ka sa hannu cikin irin wannan kunya a watan Yuli, za ka ji ta da taushi da sanyi, tana marmashewa dunƙule-dunƙule, ga ƙananan ramukan gara da hanyoyin tsofaffin saiwoyi. Ta waɗannan kafofi ruwa ke bi ya sauka ƙasa, ya jira dawa har lokacin da za ta fid da kai.

Ƙasarmu jigawa ce. In aka yi ruwa mai ƙarfi rana ta biyo baya, samanta kan yi ɓawo, ruwa na gaba ya zo ya wuce bai shiga ba. Shi ya sa dattawa ba sa wasa da noman firi. Yaro yana ganin ciyawa kawai ake kashewa, sai ya riƙa tsallake inda babu ita. Nan take za ka ji murya daga bayansa: "Kai yaro, koma ka buɗe mata baki ta sha ruwa." Daga nan sai maimai, sannan huɗa, wadda ita ce aikin ƙarti, ranar gayya da kiɗan ganga, kowa ya duƙa da garmarsa yana ɗebo ƙasar kwari yana jibga wa gindin dawa don kada iska ta kwantar da ita, kada kuma marka ta kwanta mata a saiwa.

Inda ba a taɓa shiryawa ba shi ne inda kunya za ta fuskanta. Wasu sun ce dole ta gitta gangare, ta tare ruwa, kowane kwari ya riƙe nasa har ƙasa ta shanye. Wasu sun ce wannan ganganci ne, ruwan Agusta in ya taru ya ɓalle kunya ɗaya, sauran duk sai ya tafi da su, ya bar maka zaizaya a tsakiyar gona. Na ji an kwashe yamma guda a dandali ana wannan musu. Kowa gonarsa yake kallo: mai tudu yana neman ruwan da zai tsaya, mai gefen fadama yana neman hanyar da zai sallame shi. Masu dabara kan gitta kunyar, sannan su datse kwarin nan da can da ƴar ƙasa, in marka ta yi yawa su buɗe.

Shuka ma ba ta zama wuri ɗaya. Inda gyaɗa ta kwana bara, nan dawa ke zuwa bana, kuma ko makaho ya shafa kara ya san bambanci. A gonar gyaɗa kuwa akan yi gicci, layin gero jefi-jefi yana ratsa kunyoyi, wake ya biyo baya ya shimfiɗe ya rufe ƙasa daga dukan ruwa da zafin rana. Malaman gona sun bayyana cewa saiwar gyaɗa da ta wake na tara sinadarin da hatsi ke buƙata, kuma gyaɗa na sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ma layi biyu na hatsi da huɗu na wake ta riƙa koya wa manoma. Cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, bayan farin 1973, ta yi mana ɓarna biyu, don mutane da yawa sun bar gyaɗar, gonakinsu suka koma hatsi bayan hatsi.

Yau abin da ke damuna shi ne gonar da ake sa wa tarakta ta yi haro shekara da shekaru a zurfi ɗaya. Sama ta zama gari, ƙasa ta daskare, ruwa ya kwanta a kai ko ya kwashe garin ya kai rafi. A zuba takin zamani, a yi feshi, a shuka masara inda aka cire masara, da kaka a kwashe kara da harawa tas a kai kasuwa. Ba na zargin kowa, ƙwadago ya yi tsada, samari sun tafi birni, kuma garmar shanu ma tana tashin kunya mai kyau in mai riƙe ta ya san aiki. Amma na ga gonakin da suka ci da gida uku sun fara zama fako.

Ɗan'uwa manomi, bana ka ware ko da kashi ɗaya cikin uku na gonarka ka sa gyaɗa ko wake, ka bar wa kwari ɗan kara da ganye, baɗi ka fasa kunyar a kansu ka sa dawa.