Rubutun bisa akwati da ke tsayar da farashin tsohon ƙarfe a Japan

A kasuwar kayan tarihi ta ƙasar Japan akwai wata haja da ba ta wuce tafin hannu ba, sunanta tsuba. Faifan ƙarfe ne da ake sakawa tsakanin ƙotar takobi da kaifinsa domin ya kare hannun mai sara. Tun daga 1876, lokacin da gwamnati ta hana mayaƙan samurai yawo da takobi, waɗannan faya-fayen suka koma kayan ajiya, ƴan kasuwa suka bazu da su har Turai da Amurka.

Mu dai akwatin ne ya ja hankalinmu. Ana ajiye tsuba cikin ɗan akwatin icen kiri mara nauyi, sai wani masani ya ɗauki burushi da tawada ya rubuta shaidarsa a jikin murfin: siffar abin, irin ƙarfen, zanen da ke kansa, gidan maƙeran da yake ganin sun ƙera shi, sannan kwanan wata, sa hannu da jan hatimi. Wannan rubutun shi ake kira hakogaki. Da yawa daga cikin tsuba babu sunan maƙeri a jikinsu, don haka maganar masani ita ke tsayar da kuɗi, kamar yadda bakin dillali mai gaskiya ke tsayar da ciniki a kara.

Matsalar ita ce karantawa. Masanan suna rubutu ne da hannu mai gudu, haruffa na narkewa cikin juna, har Bajapane mai ilimin zamani kan tsaya ya yi ta kallo. Wanda ya taɓa fama da wasiƙar ajami ta tsohon malami ya san irin wannan wahalar. Ga kuma tsofaffin siffofin haruffa da aka sauƙaƙa bayan 1946, amma dattawan ba su daina amfani da su ba.

Kwanan wata ma aiki ne. Japanawa na ƙidaya shekara da zamanin sarki. Zamanin Showa ya fara a 1926, ke nan Showa 45 ita ce 1970. Wani masanin ko lambar ba zai sa ba, sai ya rubuta sunan shekarar bisa wani lissafi mai zagayowa duk shekara 60, ya bar mai fassara da ƙirga. Awo kuwa da sun ake yi, wanda ya ɗara santimita 3 kaɗan.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne ƙananan kalmomi. Mumei na nufin babu sa hannun maƙeri. Harafi guda da ake karantawa den, in ya zo gaban suna, yana nuna an danganta aikin ne ga wannan gida, ba a tabbatar ba. Mai fassara ya tsallake shi, mai saye a Faransa ya biya kuɗin tabbas a kan zato.

Sunan da aka fi gani a akwatunan shi ne Sato Kanzan, wanda ya rasu a 1978, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar kare takubban Japan, NBTHK, da aka kafa a 1948. Da yake sunansa na ɗaga farashi, masu algus sun kwaikwayi hannunsa. Kuma ko rubutun na gaske ne, akwati ba a liƙe yake da abin cikinsa ba: ana iya cire tsuba mai daraja a sa wata mai araha. Shi ya sa masu saye da suka goge ke neman fassara kalma bayan kalma, su gwada siffa, ƙarfe da zanen da murfi ya ambata da abin da ke hannunsu, in ya saɓa ko a wuri ɗaya su mayar da kaya.