Ƙanƙarar Ruwan Gishiri Da Tsadar Riƙe Firiza

Tun watan Afrilu na 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin A, ya kai Naira 225 kowane yunit, firiza ta shiga sahun kayan da ake yi wa lissafi a gidaje da shaguna. Idan dai ba a manta ba, janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya riga ya sa tayar da janareta ya zama nauyi. Mai sayar da daskararren kifi a Agege da mai zoɓo a Sabo ta Ibadan matsalarsu ɗaya ce: in an ɗauke wuta, ko dai a ƙona fetur, ko jari ya narke.

Wannan ne ya sa hankali ya koma kan wata dabara ta adana sanyi a cikin abin da ke daskarewa yana narkewa. Kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya gama narkewa, yakan shanye zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri sifili zuwa digiri 80, kuma duk tsawon lokacin sanyinsa ba ya canzawa. Kan wannan hikima aka ƙera firjin ajiye allurar rigakafi, masu ƙanƙara a jikin bangonsu, waɗanda ke riƙe sanyi bayan wuta ta tafi.

Sai dai ruwan zalla yana narkewa ne a digiri sifili, alhali nama da kifi suna buƙatar digiri 18 ƙasa da sifili. Nan ne gishiri ya shigo. Ruwan da kashi 23 cikin ɗari na nauyinsa gishiri ne ba ya daskarewa sai a wajen digiri 21 ƙasa da sifili, sanyin da ba kowace firizar gida ke kaiwa ba, balle wadda ta tsufa. Wanda ya cika gishiri ke nan zai iya tarar da gorunansa ruwa tsamo-tsamo, ba su adana abin kirki ba. Mai kashi 10 cikin ɗari kuwa yakan fara daskarewa tun daga wajen digiri 6 ƙasa da sifili.

Ya kamata ɗan kasuwa ya san cewa wannan dabara ba ta samar da sanyi kyauta. Wutar da ta daskarar da ruwan sai an biya kuɗinta. Abin da ake samu a mita shi ne injin firizar yana rage yawan tashi da tsayawa, kuma idan da dare aka daskarar, lokacin da gari ya yi sanyi, aikin yakan zo masa da sauƙi. Ragin ba mai yawa ba ne. A Nijeriya babbar ribar tana wajen fetur ɗin da ba a saya ba da kayan da ba su lalace ba.

Akwai kuma abin da ake bayarwa. Gorunan suna cin wurin da haja za ta zauna, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe idan ya tsiyaya. Saboda haka gorar roba mai kauri ake so, a toshe ta sosai, a bar mata sarari a sama, domin ruwa yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. A firizar da ake buɗewa ta sama, an fi jera su a kan kaya, tun da iska mai sanyi ƙasa take sauka.