Matuƙan Jirgin Roba a Kogunan Nepal

Da zarar damina ta ɗauke a Nepal, wajen watan Oktoba, sai motoci su fara fita daga Katmandu da Pokhara da jiragen roba a naɗe bisa rufi. Baƙi ne za a kai kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Himalaya. Wasu yini ɗaya ya ishe su a Trishuli, wanda ke bin gefen babbar hanyar mota. Masu ƙarfin hali kuwa Sun Kosi suke nufa, kusan kilomita 270 daga Dolalghat zuwa Chatara, tafiyar fiye da mako guda, ana kwana kan yashin bakin ruwa.

Jirgi ɗaya yakan ɗauki mutum shida zuwa takwas, kowa da filafili, da rigar hana nutsewa, da hular kwano. Matuƙi yana zaune a baya. Abin da ya fi burge ni a sana'ar tasa shi ne hannun wasu yake tuƙi da shi. Galibin fasinjojinsa ba su taɓa riƙe filafili ba, wasu ko iyo ba su iya ba, amma ƙarfinsu ne ke tura jirgin, shi nasa saita kai da ba da umarni. Shi ya sa tun ruwa na kwance yake hora su da kalmomi kaɗan: gaba, baya, tsaya, ku duƙa ciki. In rurin kogi ya tashi, doguwar magana ba ta isa kunne.

Sai karatun ruwa, wanda shi ne cikon gwaninta. Inda ruwa ya yi santsi ya tsuke kamar harshe tsakanin duwatsu biyu, nan ce ƙofa. Inda ya yi tozo, akwai dutse a ƙasa. Mafi sharri shi ne ramin da ke bayan dutse, inda ruwan da ya zubo yake juyowa baya, ya riƙe jirgi ko mutum yana wujijjiga shi. An kasa irin waɗannan wurare mataki shida. Na ɗaya wasan yara ne, na shida mai hankali ba ya kai fasinja cikinsa. A wuri irin Harkapur, mafi tsanani a Sun Kosi, matuƙa sukan ɗaure jirage su hau dutse su duba tukuna. In abin bai yi musu ba, kowa ya sauka ya bi gaɓa da ƙafa, kuma babu wanda zai kira wannan ragwanci.

Haddar kogi ba ta da amfani sosai a nan. Ruwan damina da zaftarewar ƙasa suna mirgino sababbin duwatsu kowace shekara, hanyar bara ta zama tarko bana.

Matuƙi ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai abokan aiki a ƙananan kwale-kwale masu cin mutum ɗaya, da ke wucewa gaba su jira wanda ya faɗa ruwa, akwai kuma igiya cikin jaka da ake jefa masa. In jirgi ya kife, matuƙi ne zai haye bayansa ya juyo da shi, ya ƙirga mutanensa. Da yamma kuma shi da 'yan'uwansa ne masu kafa tanti da dafa shinkafa da miyar wake.

Aikin na lokaci ne, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sai kuma Maris zuwa Mayu. A tsakani wasu sukan tafi ci-rani kogunan Japan ko Turai.

Babbar damuwar matuƙan yanzu ita ce madatsun lantarki. Ƙasar na bukatar wuta, kuma gangaren da ke jawo baƙi shi injiniyoyi ke nema. Tun da aka kammala madatsar Kali Gandaki mai megawat 144 a 2002, aka karkatar da ruwan cikin ramin da aka haƙa a dutse, jiragen da suka taso daga saman kogin a bakin madatsar suke tsayawa.